Ko Akwai Zakka a Kan Karas?

A ƙasar Ɗanbatta, inda gonaki suka matsu da juna har da wuya a ga fili a banza, gero da dawa da gyaɗa ne amfanin damina, amma tun da aka gina madatsar ruwa ta Tomas a shekarun 1970 noman rani ya samu gindin zama, har magidanta suka riƙa yanka 'yan fangaloli, wato ƙananan kwamin ban ruwa, a bayan gida. Karas yana cikin abin da ake shukawa da hunturu, domin yana son sanyi da ƙasa mai laushi, kuma cikin wata uku ake tuge shi. Tambayar da take tasowa ita ce ko shari'a ta ɗora masa zakka kamar yadda ta ɗora wa gero.

Mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar Hausa, ta ce babu, kuma haka yake a Muwaɗɗa da Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira. Illar hukuncin, wato dalilin da aka gina shi a kansa, ita ce a fitar da zakka daga abin da ake rayuwa da shi kuma yake ajiyuwa, idan ya kai nisabi na wusuƙi 5, daidai da sa'i 300. Gero yana shekara a rumbu, karas kuwa kayan gwari ne da yake yaushi cikin kwanaki, don haka sai dai a jira kuɗin da aka sayar da shi su kai nisabi, su kuma shekara a hannu.

Imam Abu Hanifa ya saɓa, inda ya dogara da aya ta 141 ta Suratul An'am, ya wajabta ushira, wato kashi ɗaya cikin goma, a kan duk abin da aka noma da gangan, ko rabinta idan da wahala aka shayar. Abin lura shi ne Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, wanda Bamalike ne, ya rinjayar da wannan ra'ayi a Ahkamul Ƙur'an, haka ma Yusuf Alƙardawi a zamanin nan.

Ga mai lambun bayan gida saɓanin ba shi da nauyi sosai, domin kafin ya tuge fangali biyu 'ya'yan maƙwabta da almajirai da surukai sun riga sun ci rabon da ya wuce ushira, ba tare da an kira shi zakka ba. Inda maganar take da ƙarfi shi ne wurin mai injin ban ruwa da yake loda buhuna zuwa kasuwar 'Yankaba a Kano, ya kashe kuɗin kafin su shekara, alhali maƙwabcinsa da ya tara damman gero da ƙyar yana fitar da ɗaya cikin goma. Malaman Malikiyya na Madina sun yi hukunci a lokacin da ganye da saiwa ba su zama dukiyar tarawa ba, kuma yana da wuya a ce manufar zakka, wadda ita ce a karɓa daga mawadata a mayar wa matalauta, ta cika a wannan rabo. Saboda haka fatawar Ibnul Arabi ta fi cancantar Hukumar Zakka da Hubusi ta Kano ta dube ta game da manyan lambuna.