Jinkirta Haila Saboda Azumi: Ina Iyakar?

'Yan uwa mata, malamai da dama sun halatta shan ƙwaya irin Primolut N don jinkirta haila a Ramadan ko Hajji, da sharaɗin ba cutarwa. To wa zai tabbatar da sharaɗin? Likita ne, ba ni ba, ba mai kemis ba.

Takan kawo ciwon kai, tashin zuciya da rikicewar al'ada. Mai ciki, mai ciwon hanta, da wadda jini ya taɓa daskare wa a jijiya, su nisance ta. In ƙafa ta kumbura ko ƙirji ya riƙe, sai asibiti.

Ni a ganina, wadda ta ajiye azumi saboda haila biyayya ta yi, ba asara ba. Nana A'isha (RA) ma ta yi haila a Hajjin Bankwana. Jikinki amana ne. Allah Ya sa mu dace.