Muhasabar Ciki: Daftarin Muridi Tsakanin Rumbu da Akushi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai ciyar da bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, duk wanda ya karɓi wuridi ya san lissafi. Istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma, carbi a hannu. Amma a tambayi muridin nan abin da ya shiga cikinsa tun asubahin jiya, sai ya yi ta sosa ƙeya. Alhali abin da ya shiga cikin shi ne ke ba shi ƙarfin zaman wazifa, ko ya sa shi gyangyaɗi a tsakiyarta.

Rubuta lissafin kai tsohuwar hanya ce a wurin mutanen Allah. Shehu Muhyiddin Ibnu Arabi, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1240, ya ba da labari a cikin Futuhat cewa wasu shehunnansa na Andalus suna da daftari da suke rubuta abin da suka faɗa da abin da suka aikata a yini. In sun sallaci isha'i sai su keɓe su buɗe shi. Abin da ya cancanci istigfari su yi istigfari, wanda ya cancanci godiya su gode, sannan su kwanta. Shi kuwa ya ƙara da rubuta abin da ya ɗarsu a zuciyarsa. To, ci ma aiki ne, ya cancanci layinsa a daftarin.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba kiran kowa muke ya ƙuntata wa cikinsa ba. Aya ta 31 a Suratul A'arafi ta halatta ci da sha, ɓarna kawai ta hana. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adi Karib ya raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, bai soke kason abinci ba. Yunwar da magabata suka hori kansu da ita a ƙarƙashin idon shehu mai tarbiyya aka yi ta. Manomin Gangara da ke riƙe da hauya a watan Agusta, rumbu ya kusa ƙarewa, ba shi ne za a yi wa wa'azin rage ci ba. Shi daftarinsa abin da ya rasa zai nuna masa.

A ƙasar Agye da Gazawa da Gidan Rumji Allah Ya hore hatsi da dawa, wake da gujiya, aya da riɗi, ga zogale a fadamar Gulbin Maradi wajen Tibiri. Amma wake da gujiya da aya galibi buhu ake ɗura su a kai kasuwa, abin da ke wanzuwa a gida shi ne fura da rana, tuwo da dare, gobe ma haka. Ba mu manta 2005 ba, shekarar da yaran jihar Maradi suka cika gidajen likita saboda tamowa alhali akwai hatsi a kasuwa, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Talauci gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Sai dai akwai wani kaso da gafala ce tsantsa, kuma shi ne rubutu ke tonawa.

A gwada kwana bakwai. A sami ɗan littafi, a rubuta da ajami ko da boko. Wanda bai iya ba, ɗansa na makarantar allo ya rubuta masa. Bayan isha'i a sa abin da aka ci, da lokacin, da ko yunwa ce ta sa ko ganin ido, ko an yi bisimilla, da kuma daga ina kuɗinsa ya fito. Wannan na ƙarshe shi ne tushe, domin loma ɗaya ta haram ta fi cikar tumbi illa ga zuciya. Sannan a buɗe layi na biyu, wanda a ganina ya fi na farko nauyi ga magidanci: me iyalina suka ci yau?

Nan ne mutum zai ga abin da bai so gani ba. Ranar kasuwa ya tsaya gaban mai tsire, ya sha shayi zagaye uku a majalisa, a gida kuwa miyar kuka ce ba mai ba wake, mai shayarwa da yaron da aka yaye suna kan farau-farau. Abu Dawuda ya ruwaito cewa tozarta wanda ciyarwarsa ke wuyanka ya isa zama zunubi. Ma'aikatan lafiya suna so yaro daga wata 6 zuwa 23 ya sami aƙalla nau'i 5 cikin nau'o'in abinci 8 a yini, kuma nonon uwa da hatsi da wake da ƙwai da ganyen zogale sun riga sun cika biyar ɗin. Tiya biyu ta wake da aka hana buhun kasuwa aka bar wa tukunya, sadaka ce da aka fara daga gida.

Dattawanmu kuma su ƙidaya sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja wa baligi iyaka a wajen giram 50 a yini, kimanin ƙaramin cokali 12, mai zaman majalisar shayi kuwa yakan kai nan bai sani ba. Mai ciwon suga ko hawan jini ya tafi da daftarinsa gidan likita, zai fi “ai ba na cin komai” amfani ga mai duba shi.

Shaiɗan yana da ƙofa a nan ma. Daftarin ba na nunawa a zawiya ba ne, ba kuma sandar dukan uwargida ba ne, ita da ke daka da abin da aka auna mata. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa aibata abinci ba. In rubutun ya fara haifar da wasiwasi, har mutum yana jin tsoron akushi, ya rufe littafin ya gaya wa muƙaddaminsa. In kuwa ya yi kwana bakwai lafiya, ya ajiye, ya sake buɗewa sau ɗaya da kaka, sau ɗaya da bazara, sau ɗaya a tsakiyar damina, domin abin da gida ke ci a waɗannan lokuta uku ba ɗaya ba ne. Allah Ya sa albarka a rumbunanmu, Ya kai mu kaka lafiya.