LASIFIKA DA MATACCEN BATIR: HAƘƘIN MAƘWABCI DA MUKA MANTA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

 Rubutun yau zai fara taɓa mu malamai kafin ya taɓa kowa, sai a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

A azumin da ya wuce na je duba wani dattijo a Jega bayan sallar Isha'i. Hawan jini ke damunsa, likita ya ce ya riƙa samun barci. Wallahi sai da na kai kunnena kusa da bakinsa kafin na ji amsar gaisuwa. Masallatai uku ne suka sa gidan a tsakiya: ɗaya ana tafsiri, ɗaya ana tarawihi, na ukun kuwa karatu aka kunna aka kulle ƙofa, ba kowa ciki. Bayan katanga ga janaretan maƙwabci. Da zan tafi sai uwargidansa ta yi magana daga bayan labule, ta ce: "Malam, ku ka wa'azi a ji tsoron Allah, to mu wa za mu kai ma ƙara? Kwana goma ke nan Alhaji bai runtsa ba."

Na rasa amsa, domin ni ma mai riƙe makirfo ne.

Ɗan uwa, mun san sata zunubi ce, mun san giba zunubi ce. Amma hana maƙwabci barci, nawa ne cikinmu suka taɓa tuba daga gare shi? Alhali ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya yi rantsuwa har sau uku yana kore cikar imani ga mutumin da maƙwabcinsa bai kuɓuta daga cutarwarsa ba. Bai ware cutar hannu ya bar cutar kunne ba.

Wani zai ce ai Alƙur'ani ne ake karantawa. To saurara. Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri cewa Annabi (SAW) yana i'itikafi a masallaci sai ya ji sahabbai suna ɗaga murya da karatu. Ya yaye labule ya hana su, ya tuna musu cewa kowannensu ganawa yake da Ubangijinsa, kada wani ya cutar da wani. Sahabbai ne fa, a masallacin Annabi, da muryar da Allah Ya ba su, babu lasifika babu amfilifaya. Ina ga mu da muka ɗaura ƙaho huɗu a kan hasumiya, kowane ya fuskanci gidan mutane? A Suratu Luƙman, aya ta 19, uba ya yi wa ɗansa wasiyya da sassauta murya, aka kuma buga misalin mafi munin sauti da kukan jaki.

Kada a fahimce ni a baibai. Kiran salla an shar'anta shi ne don a ji, a ɗaga shi, babu mai jayayya. Maganarmu a kan abin da ya biyo baya ne: karatun liman, tahajjud ƙarfe biyu na dare, wa'azin da mutum ashirin ke saurare amma unguwa biyar ke sha. Shaikh Ibn Usaimin ya yi fatawar a bar fitar da salla ta lasifikar waje idan tana damun maƙwabta da sauran masallatai. A shekarar 2021 ma'aikatar harkokin addini ta Saudiyya ta taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, ta ce kada ƙarar ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Don haka wannan ba ra'ayin Turawa ba ne.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: wani lokaci ba don Allah ake ƙure ƙarar ba, don a danne masallacin can ne. Su sun sayo ƙaho biyu, mu sai huɗu. Wannan ibada ce ko gasa?

Ba masallaci kaɗai ba. Ga mai kiɗan biki da ke toshe layi har asuba. Ga mai tallan magani a kasuwar Jega da lasifika a kan mota, yana faɗin kalmomin da uba ba zai iya ji tare da 'yarsa ba. Ga matashin da ya fasa salansar babur da gangan. Ga wanda ya kai janareta ƙarƙashin tagar maƙwabci don kada ya dami iyalinsa, ɗalibi a Aliero na da jarrabawa gobe ya kasa karatu. Masana lafiya suna auna ƙara da desibel. Hira ta yau da kullum tana kusan 60. Wanda ya daɗe cikin ƙarar da ta kai 85 na awa takwas kullum, jinsa na lalacewa a hankali, kuma ƙwayoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba sa dawowa. Ku lura da masu injin niƙa da suka shekara goma a kai, sai an yi musu ihu suke ji.

Yanzu ku buɗe Suratul A'araf. Aya ta 55 ta umarce mu da roƙon Allah cikin ƙanƙan da kai da asirtawa. Ayar da ke biye da ita, ta 56, ta hana ɓarna a bayan ƙasa bayan an gyara ta. Ga su nan kafaɗa da kafaɗa, kuma haka suke a masallatanmu: lasifikar nan da batirin sola take aiki. In batirin ya mutu bayan 'yan shekaru, ina yake zuwa?

Ana sayar wa 'yan jari-bola. Su kuma su fasa shi da guduma a bayan gari ko a tsakar gida, su tsiyaye ruwan batir a ƙasa, su kwashe abin da ke ciki. Fiye da rabin nauyin irin wannan batir dalma ce. Mu mutanen wannan yanki ba sai an yi mana bayanin dalma ba. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara sama da 400 suka rasu saboda gubar dalma daga duwatsun zinare da ake daka a cikin gidaje. Iyayen nan ba su yi nufin kashe 'ya'yansu ba, abinci suke nema, ƙura ce kawai da ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Dalmar dutse da ta batir duk ɗaya ce. Tana shiga jinin yaro ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma likitoci sun ce babu wani ɗan adadi da za a ce ba ya cutarwa. Yaro ya kasa riƙe hadda, mu ce daƙiƙi ne, mu kai masa bulala.

Haka hayaƙin nan baƙi da kuke gani in ana ƙona wayoyin lantarki don a cire jan ƙarfe. Su wa ke tsaye a kansa? Yara, da yawansu almajirai, amanar da aka damƙa wa malamai. Ga matattun wayoyin hannu, caja, batirin tocila, fasassun ƙwayayen fitila masu zaiba, duk a juji ɗaya. Da bazara kuma a zo da amalanke a kwashi jujin nan a kai gona a matsayin taki. Gonar albasa a Aliero, gonar gero a Maiyama, fadamar shinkafa a bakin gulbin Jega. Abin da ka jefar a bayan gida, ta kwanon tuwo zai iya dawo maka.

Matsalar ta duniya ce. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna a 2022 an tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, wadda aka sarrafa ta hanyar da ta dace ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Nijeriya na da hukumar NESREA tun 2007, da dokar ƙayyade ƙara ta 2009. Amma mumini ba ya jiran jami'i. Mu da aka gaya mana, a hadisin Muslim, cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yanki ne na imani, ya za a yi mu zama masu zuba shi?

Sana'ar jari-bola halal ce, kuma tana tsaftace gari, ba zagin masu yin ta nake ba. Gyara muke nema:

1. Kwamitin masallaci su raba lasifikar ciki da ta waje. Ta waje don kiran salla, sauran a bar su ciki, in ban da ranar da sahu ya fita waje kamar Juma'a.
2. Liman ya taka da ƙafarsa ya tambayi gidajen da ke kewaye ko akwai marar lafiya ko mai jego.
3. Mai janareta ya ajiye shi inda shi zai fi kowa jin ƙararsa.
4. Mataccen batir kada a fasa shi a gida, kada a bar shi inda yara ke wasa. A mayar wa dilan batir yadda yake.
5. A ware kayan lantarki daga sharar da za ta tafi gona.
6. Malaman allo su hana almajiransu ƙona waya da fasa batir, ko nawa ake biya.

Ni dai na fara da kaina, na sa an cire wayar ƙahon waje daga majalisin karatunmu. Masu zuwa ba su ragu ba.

Ranar Alƙiyama haƙƙin bayi da lada ake biyansa. Kada mu kwana muna tahajjud, a wayi gari a kwashe ladan a ba tsohon da muka hana barci, da yaron da muka bari ya shaƙi guba.

Allah Ya yafe mana abin da muka yi cikin jahilci, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shirya mana zuriya. Wanda ya karanta ya isar wa limaminsu da ladabi, ba da faɗa ba.