Wa Muke Ɓoye wa Sigari?

Akwai wata doka a ƙasar Zazzau wadda babu majalisar da ta zauna a kanta, ba a kuma taɓa buga ta a takarda ba, amma da wuya ka ga mai karya ta. Saurayi na zaune a bakin titi a Hunkuyi ko Paki da karan sigari a hannu, sai ya hango ƙanen babansa tafe. Kafin dattijon ya iso sigarin ya koma ƙarƙashin takalmi, ana ta kaɗa hannu a kori hayaƙi, sannan a durƙusa a ce, “Baba, barka da yamma.” Magidanci mai 'ya'ya biyar ma haka yake yi idan ya hango surukinsa, ko limamin unguwa, ko malamin da ya koya masa karatun allo. Ba ɗan sanda, ba tara, ba alƙali. Kunya kawai.

Wannan saurayin kuma, da yamma ta yi, shi ne zai zauna a teburin mai shayi ya kunna wani karan, yaron da ke wanke kofuna na tsugune a gefen ƙafarsa, almajirai biyu na jiran ragowar burodi, hayaƙin na sauka a kansu, ko a jikinsa. Ashe dai mun san sigari abin ɓoyewa ne. Abin da ba mu tsaya mun tambayi kanmu ba shi ne: wa muke ɓoye wa, kuma me ya sa shi kaɗai?

Dokar da aka rubuta ta zo daga baya. Tun 1990 gwamnatin soja ta Babangida ta fitar da dokar hana shan taba a wasu wuraren jama'a, lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya. A 2005 Najeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita taba, sannan a watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ake aiki da ita yanzu. Ta hana shan taba a makarantu da asibitoci da motocin haya da wuraren wasan yara da ire-irensu, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali guda. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tireda a Ikara ko Tashar Yari ya san matsayin wannan sashe na ƙarshe. Kara ɗaya ake saye, a kunna da ashanar mai tiredar, wani lokacin ma yaro aka aiko ya sayo.

Rashin aiki da doka bai nuna dokar ba ta da gaskiya ba, haka kuma rubuta ta bai nuna tana da ita ba. Don haka ya kamata a saurari mai shan sigari, domin hujjarsa ba ta banza ba ce. Cewa yake: kuɗina ne, huhuna ne, ba na buguwa, ba na zagin kowa, ba na tare hanya. Idan hukuma za ta shiga tsakanina da abin da nake sa wa bakina, gobe sai ta zo kan goro, jibi kan sukarin shayi. Wannan gardama tsohuwa ce, kuma ba Turawa suka kawo mana ita ba. A farkon shekarun 1600, taba ba ta daɗe da ƙetaro teku daga nahiyar Amurka ba, malaman Maroko da na Sahara suka rabu biyu a kanta. Ahmad Baba na Tambutu, wanda babu mai shakkar iliminsa, ya rubuta fatawa yana halatta ta, bisa cewa ba ta gusar da hankali. A ɗaya gefen, Sarkin Daular Usmaniyya Murad na Huɗu ya haramta ta a 1633, har ana kashe wanda aka kama yana sha. Murad ya rasu a 1640, taba ta ci gaba da zamanta a Istanbul. A ƙasar Hausa kuwa ta samu gindin zama sosai: tsofaffi da lofe, wasu da garin taba da kanwa a ƙasan leɓe, mata da fure suna goge haƙora bayan sun ci goro. Wanda ya ce zai raba mutane da taba da bulala, tarihi ba ya bayansa.

Sai dai duk wannan gardamar a kan mai sha ake yin ta. Shin halal ce gare shi, shin tana cutar da shi, shin sarki na da ikon hana shi. Wanda ke zaune kusa da shi ba ya cikin lissafi. Kuma a nan ne garin taba ya bambanta da sigari. Tsohon da ya ɗura gari a baki shi kaɗai ya sha abinsa, iyakar abin da zai same ka shi ne ka kauce wa tofinsa. Sigari kuwa ba a shan sa mutum ɗaya. A ɗaki ko a mota, duk mai numfashi abokin sha ne, ko ya so ko bai so ba.

Musulmi bai buƙatar ya je nesa kafin ya gane wannan rabe-raben. Sananne ne a hadisi cewa an umarci wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci har warin ya gushe. Ba a haramta albasa ba, ga ta nan muna nomawa a fadamunmu muna kaiwa kasuwa buhu-buhu. Abin da aka hana shi ne ka ɗauko warin ka kawo inda mutane suka haɗa kafaɗa, ba su da damar matsawa. Wari kawai ke nan, wanda ba ya kwantar da kowa a asibiti. Malaman fikihu suna da ƙa'idar cewa cuta gusar da ita ake yi, kuma Bature John Stuart Mill, wanda ake kafa hujja da shi wajen kare 'yancin mutum, a littafinsa na 1859 nan ya ja layi: hukuma ba ta da hurumi a kan abin da ka yi wa kanka, tana da shi a kan abin da ka yi wa wani. Hanyoyi biyu da ba su haɗa asali ba, sun ɓulla wuri guda.

Ko hayaƙin wani yana cutarwa da gaske? Wannan an daɗe da wuce shi. A 1981 wani likita ɗan Japan, Takeshi Hirayama, ya wallafa binciken da ya bi rayuwar matan aure sama da 90,000 waɗanda ba su shan taba, ya gano waɗanda mazajensu ke sha sun fi kamuwa da sankarar huhu, kuma yawan shan mijin, yawan haɗarin matar. Kamfanonin taba sun yi ta ƙoƙarin rushe binciken, bincike na baya suka yi ta tabbatar da shi. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan ɗaya ne ke mutuwa duk shekara saboda hayaƙin da ba su suka kunna ba. A wurin yara abin kan fito ta asma, ciwon kunne da ciwon haƙarƙari. Ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi suna karanta wannan a aji, sannan su fito su hau mota da mai busa musu.

Amsar da aka fi ji a majalisa ita ce: ai ba wanda ya yi magana. Da ya dame su da sun faɗa. Wannan ita ce ƙaryar da na fi so mu duba, domin tana kama da gaskiya. Ɗauki motar haya da ta taso daga Ikara za ta Zariya, an cusa mutum huɗu a baya, biyu a gaba, ana sanyin hunturu an ɗaga gilasai. Direba ya kunna sigari. A baya akwai mace da goyo. Za ta ce masa, “Malam direba, don Allah kashe”? A tarbiyyar da aka yi mata, ba ta ɗaga murya ga namijin da ba ta sani ba a cikin maza. Za ta ja mayafi ta rufe fuskar jaririn, ta juya kai. Yaron mai shayi ba zai yi magana ba, don mai shan sigarin shi ne mai sayen shayin maigidansa. Almajiri ba zai yi ba, don a hannun mutumin yake sa ran sadaka. A gidan kallon ƙwallo, inda ake tara samari da yara a ɗakin kwano mai ƙofa ɗaya har minti 90, yaron da ya biya kuɗinsa daidai da na kowa ya san idan ya buɗe baki dariya za a yi masa, ko a ce ya fita. Hausawa na cewa shiru ma magana ce, amma ba kullum take nufin na yarda ba. Sau da yawa tana nufin ba ni da bakin faɗa.

To ka haɗa wannan da saurayin da ya take sigarinsa don ya hango ƙanen babansa. Dattijon nan minti ɗaya zai yi ya wuce, a sarari, iska na kaɗawa, hayaƙin ba zai yi masa komai ba. Yaron mai shayi kuwa a nan yake wuni, kullum, da huhun da bai gama girma ba. Kunyarmu tana kare wanda ba ya buƙatar kariya, ta bar wanda yake buƙata. Sama take kallo, ba ta kallon ƙasa. An tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani yau da gobe. A ganina wannan ne kaɗai dalilin da ya isa a kafa dokar hana shan taba a wurin jama'a. Ba don a shiryar da mai sha ba, wannan tsakaninsa da likitansa da Ubangijinsa ne. Don dai mace mai goyo ta samu abin da za ta nuna da yatsa, ta ce ba ni na faɗa ba, ga shi a rubuce.

Akwai masu cewa munafunci ne a tasa mai sigari gaba a ƙasar da hayaƙi ya zama abokin zama. Uwargida na wuni a kan murhun itace a madafa marar taga. Masu dafa mazarƙwaila a Maƙarfi da Kudan na tsaye kan wuta tun asuba a lokacin rake. Ga janareta, ga ƙona shara da leda a bakin kasuwa. Gaskiya ne, kuma hayaƙin itace na kashe mata da yara ƙwarai. Amma matar da ke hura wuta tuwo take nema, ba ta da kuɗin gas. Mai mazarƙwaila abincin gidansa yake nema. Mai sigari ba a ce ya bari ba, taku ashirin aka roƙe shi ya yi. Cikin duk hayaƙin da ke shiga ƙirjin yaro a Kudan, wannan ne mafi arhar kawarwa.

Zargin da ya fi nauyi a kan hukuma yake. A Zariya, nan kusa da mu, kamfanin taba na NTC ya buɗe masana'anta a 1959, manoman yankin suka yi shekaru suna noma masa ganye, daga baya ya koma hannun British American Tobacco. Gwamnati na karɓar haraji a kan kowane kwali har gobe. Mai sha na da ikon ya ce: kun sayar mini, kun ci riba, sannan kun dawo kuna kama ni. Ga kuma tarar da dokar 2015 ta yanka wa wanda ya sha a inda aka hana, naira 50,000 ko ɗaurin wata shida, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 18,000. Tarar da talaka ba zai iya biya ba ba tara ba ce, ƙofar cin hanci ce. Kowa ya san wanda za a kama idan aka ce yau a fara kame: ɗan acaɓa da ɗan dako, ba Alhajin da ke busawa a cikin motarsa mai sanyi da 'ya'yansa a kujerar baya ba. Ba na goyon bayan a aika jami'ai tasha su riƙa shinshina bakin mutane. Ƙasar Ayilan, wadda ta fara hana shan taba a duk wuraren aiki na cikin gini a 2004, ta ɗora nauyin ne har a kan mai wurin, kuma abin ya zauna ne don jama'a da kansu sun karɓe shi.

Mu ma muna da masu wuri. Tasha na da shugabannin ƙungiyar direbobi, waɗanda in suka ce mota ba ta lodi yau, ba ta yi. Kasuwa na da sarkinta. Gidan kallo na da mai karɓar kuɗi a ƙofa, teburin shayi na da mai shi. Waɗannan su ake jin kunya, kuma maganarsu ba ta buƙatar kotu. Direban da ya san za a cire shi daga layi na yini guda in fasinja ta kai ƙara, zai jira ya sauke mutane kafin ya kunna.

Inda doka da sarkin tasha duk ba su kaiwa shi ne ɗakin aure. Matan da Hirayama ya ƙirga ba a tasha suka shaƙi hayaƙin ba, a gida ne. Ba wanda zai kira ɗakin mutum wurin jama'a, kuma ba na fatan ranar da hukuma za ta leƙa shi. Amma a ɗaki ɗaya mai ƙaramar taga, da dare, an rufe ƙofa saboda sauro ko sanyi, akwai mace da yara uku ko huɗu a kan tabarma, kuma mutumin da ya ɓoye sigarinsa a bayan hannu da rana don surukinsa na wucewa, yanzu 'yar surukin ce da jikokinsa ke kwance a gabansa.