Bashin da Kwaɗo Yake Bin Mu

A tsaunukan Udzungwa na ƙasar Tanzaniya akwai wani kogi da ake kira Kihansi, wanda yake faɗowa daga kan dutse zuwa cikin kwazazzabo mai zurfi. Ƙarfin faɗuwar ruwan yana tayar da feshi kamar yayyafi, dare da rana, rani da damina. A ƙarƙashin wannan feshin, a filin da bai wuce hekta biyu ba, wani ɗan kwaɗo ruwan ɗorawa yake zaune, tsawonsa bai kai santimita 3 ba. Ba ya zuba ƙwai a ruwa kamar sauran kwaɗi, haihuwa yake yi. Duk faɗin duniya babu inda ake samunsa sai nan.

Masana ba su san da zamansa ba sai a 1996, lokacin kuwa an riga an fara gina madatsar ruwa a saman kogin, da tallafin Bankin Duniya, don samar da megawat 180 na lantarki. Da madatsar ta fara aiki wajen shekarar 2000, aka karkatar da kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan zuwa injuna. Feshi ya ɗauke, ciyawa ta soma bushewa. Sai aka ja bututai aka kafa famfunan feshi don a kwaikwayi abin da kogin yake yi kyauta, aka kuma kwashi kwaɗi kusan 500 zuwa gidan namun daji na Bronx a Amurka. A 2003 waɗanda aka bari suka shiga mutuwa, ga wata cutar fata, dangin fumfuna, da ake kira kaitirid. A 2009 ƙungiyar IUCN ta bayyana cewa kwaɗon Kihansi ya ƙare a daji.

Tambayar da take damuna ita ce: an yi laifi? Idan an yi, wa aka yi wa?

Amsar da masu kare kwaɗi suka fi so ita ce ta amfani. Kwaɗo yana cin ƙwarin da ke ɓata amfanin gona, shi kuma abinci ne ga tsuntsaye da macizai. Da yake ta fatarsa yake shan ruwa, har ma yana numfashi da ita, shi yake fara jin gubar da ta shiga ruwa kafin mu ji. Duk wannan gaskiya ne. Amma ban ga yadda zai ceci kwaɗon Kihansi ba. Bai taɓa tsare gonar kowa ba, mutanen Darussalam sun yi shekara da shekaru ba su san da shi ba, kuma babu abin da suka rasa. In dai ma'aunin amfani za a ɗauka, to lantarki ya yi rinjaye tun kafin a ɗora kwaɗo a kan sikeli. Duk wanda ya taɓa ganin ana karɓar haihuwa da fitilar waya ba zai yi wasa da megawat 180 ba, ni ma ba zan yi ba.

Duk da haka raina bai kwanta da cewa shi ke nan ba. Kashe kwaɗo guda daban, shafe irinsa daga doron ƙasa daban. Lantarki ana samunsa ta hanyoyi da dama, in ba ruwa ba rana, in ba wannan kogi ba wancan. Irin halitta kuwa in ya tafi babu injiniyan da zai sake zana shi. Wani kwaɗo mai launin zinari da yake dajin Montebade na ƙasar Kosta Rika, rabon da a gan shi tun 1989, kuma babu kuɗin da zai dawo da shi. Abin da mutum ba zai iya mayarwa ba, ya kamata hannunsa ya yi nauyi kafin ya taɓa shi, ko da abin ba ya tsinana masa komai.

Akwai hadisi a littafin Abu Dawud: wani mai magani ya tambayi Annabi (SAW) game da sa kwaɗo a cikin magani, sai aka hana shi kashe shi. Abin da ya tsaya mini a nan shi ne mutumin yana da dalili mai kyau, lafiyar ɗan'adam yake nema, amma dalilin bai isa ba. Malamai sun yi bayanai a kan hikimar hanin, ni dai abin da na ɗauka shi ne buƙatarmu ba ita kaɗai ce magana ba.

A ganina babban kuskuren Kihansi na makara ne. An auna ruwa, an auna dutse, an ƙirga kuɗi, sai da aiki ya yi nisa aka duƙa aka duba wa yake zaune a cikin ciyawa. Da an san da shi tun ana zane, wataƙila da an bar wa kwazazzabon ruwan da zai ishe shi, a haƙura da wani ɓangare na wutar. Da aka makara, sai da aka yi ta kiwon kwaɗi a Bronx da Toledo shekara da shekaru kafin a fara mayar da su gida a 2012, zuwa ƙarƙashin famfunan da dole wani ya riƙa duba su kullum. Bashin farko da halitta take bin mu ke nan, mu san tana nan kafin mu kawo tirakta.

Kuma lamarin ya wuce Tanzaniya. Binciken da aka fitar a 2023 ya nuna kusan kashi 41 cikin 100 na nau'o'in dangin kwaɗo suna fuskantar barazanar ƙarewa, fiye da tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa, kuma babban dalili shi ne rasa muhalli. Mu ma a garuruwanmu kududdufai nawa aka cike da shara aka yanka filoti? Sau da yawa da hujja, don ruwan ya zama matattarar sauro da ƙazanta. Amma ban taɓa jin wanda ya tambaya wane irin kwaɗo ne a ciki ba. Yawancinmu sunaye biyu muka sani, kwaɗo da burduddugi, sauran duk mun haɗa su a buhu ɗaya. Muna yara jifansu muke yi a bakin ruwa, ba don yunwa ko tsoro ba, don kawai munana ne kuma ba sa ramawa.

A unguwar da na tashi, daren ruwan farko barci ba ya yiwuwa saboda kukansu, wasu da kaurin murya, wasu siririya kamar ana kaɗa ƙarfe. Yanzu na san kowace murya nau'i ce daban, mazan ne suke kiran mata. Wurin ya zama shaguna. Na kasa tuna shekarar da kukan ya tsaya, kuma ko muryoyi nawa ne ban taɓa ƙirgawa ba.