Shin Sanar da Ranar Kusufi Da'awar Sanin Gaibu Ce?

Tambaya: Masana falaki kan sanar da ranar da za a yi kusufi tun da sauran shekaru. Ya halatta Musulmi ya gaskata su?

Amsa: Ya halatta. Gaibun da Allah ya keɓanta da shi shi ne wanda bawa ba shi da hanyar isa gare shi, kamar lokacin tashin alƙiyama. Kusufi kuwa yana da sababin da ake iya lissafawa: wata ne ke gittawa tsakanin ƙasa da rana, shi ya sa ba ya aukuwa sai a ƙarshen watan Musulunci, husufin wata kuma sai a tsakiyarsa. Tun zamanin Babila aka lura cewa kusufi na maimaituwa bayan shekara 18 da kwana 11. Da lissafi ne aka sanar da wanda ya duhunta Katsina da Gusau ranar 29 ga Maris, 2006, kuma bai saɓa ba. Ibn Taimiyya ya bayyana cewa wannan ba gaibu ba ne. Imamu Gazali ma, a gabatarwar Tahafutul Falasifa, ya nuna cewa mai musun irin wannan lissafi da sunan kare addini ɓarna yake wa addinin, domin wanda ya ga hujjar da idonsa ba zai bar ta ba, addinin zai tuhuma.

Wani zai ce ai hadisi ya tabbatar cewa Allah na tsoratar da bayinsa da kusufi, to ina tsoro ga abin da aka san ranarsa? Sanin sababi ba ya kore Mai sababin. Manomi ya san watan da damina ke sauka, bai kuma daina roƙon ruwa ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, a shekara ta 10 bayan hijira, rana ta yi kusufi, mutane suka danganta shi da rasuwar. Annabi ya kore wannan zato, ya umarce su da salla da addu'a da sadaka. Abin da ya rushe shi ne camfi, irin na ɗan duba da ke cewa kusufi alamar mutuwar sarki ce, kuma gaskata wannan haramun ne.

Sai dai lissafi ba ya kafa ibada. Shari'a ta rataya sallar kusufi ga ganinsa, don haka a yi shiri bisa sanarwar masana, amma kada a tayar da salla sai ya bayyana a garinku. Allah ne mafi sani.