Alhakin Mai Zuba Giya Da Mai Cin Kuɗinta

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya girmama ɗan Adam da hankali, ya sanya shi amana a wuyansa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, babu wani a sahun masallatanmu na Damagaram, daga Birni har Zango da Sabon Gari, da ya jahilci haramcin giya. Allah ya yanke hukuncinta a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91. Inda muka yi sakaci shi ne hukuncin wanda bai taɓa kai ta baki ba, amma daga gare ta yake ci. Hadisin Anas ɗan Malik, wanda Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, ya ƙidaya mutum goma da la'ana ta hau kansu saboda giya, kuma mashayi ɗaya ne kawai a cikinsu. Akwai mai dakonta, akwai mai shayar da ita, akwai mai cin kuɗinta. To, mu duba garinmu. Gidan wa aka yi haya aka buɗe mashaya? Wa yake ɗauko akwatunan kwalabe daga tasha? Wa yake kai ƙanƙara? Da yawansu kafaɗa da kafaɗa muke tsayawa da su ranar Juma'a.

Uzurin mai sayarwa sananne ne: ban tilasta wa kowa ba, kowa ya san ƙarfinsa, ya sha ya tafi da ƙafarsa. Wannan uzuri ilimin likita ma ya rushe shi.

Idan giya ta shiga ciki, ba ta jiran narkewa kamar tuwo. Kaɗan daga cikinta tana ratsa tumbi, mafi yawa tana ratsa ƙaramin hanji ta shiga jini, cikin mintoci ta isa ƙwaƙwalwa. Ƙarfinta yakan kai maƙura bayan rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, kuma ya fi sauri ga wanda cikinsa babu abinci. Ke nan wanda ya miƙe daga mashaya yana tafiya daidai, ya hau kabu-kabunsa ya ɗauki fasinja, mai yiwuwa ne mayen bai gama hawansa ba sai ya kai tsakiyar titi. Abu na farko da take kashewa kuwa shi ne tunanin da mutum zai gane da shi cewa ya bugu. Yaya za a ce ya san ƙarfinsa, alhali ma'aunin ne aka fara karyawa?

Hanta ce take ɗaukar kusan dukkan aikin fitar da ita. Takan fara juya ta zuwa wani sinadari mai guba, sannan ta warware gubar, kuma ba ta wuce wajen giram 7 zuwa 10 a awa. Babbar kwalba mai santilita 65, mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, tana ɗauke da wajen giram 25, watau aikin awa uku. Wanda aka zuba wa huɗu har tsakar dare, ladan zai kira asuba giya tana yawo a jininsa, kuma mun san abin da aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ta hana mai maye. Kafe mai ɗaci, goro, shayi, wanka da ruwan sanyi, babu ɗayansu da yake ƙara wa hanta sauri. Iyakarsu su buɗe masa ido alhali hannunsa da hankalinsa suna nan a mace. Balle a ƙasa irin tamu da ciwon hanta nau'in B ya yawaita: mai ɗauke da shi, sau da yawa bai sani ba, kowace kwalba tana matso masa da ƙeƙashewar hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa giya ta jawo mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019.

Abin mamaki, ƙasashen da suka halatta ta ma ba su wanke mai zubawa ba. Dokar Faransa tana cin tarar mai mashaya da ya zuba wa wanda mayensa ya bayyana, kuma tun 2009 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. A jihohi da yawa na Amurka, idan mashayi ya fita ya kaɗe mutum, ana iya kai mai mashayar gaban alƙali. Sun iso da ƙyar, bayan asarar rayuka, zuwa gefen abin da Shari'a ta shimfiɗa gaba ɗaya tun a Madina.

Sai dai kada wani matashi ya ɗauki wannan magana izinin cinna wuta. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, fushi kan zanen ɓatancin wata jaridar Faransa ya kai ga ƙona majami'u da mashayu da cibiyar al'adun Faransa a nan Zinder, aka rasa rayuka. Giya ba ta bar garin ba. Rufe mashaya da hukunta mai laifi aikin hukuma ne. Namu shi ne abin da ke ƙarƙashin ikonmu. Mai gida ya ƙi sabunta haya. Mai mota ya ƙi dakon, ko da kuɗin ya fi na gero. Masu unguwa da limamai su kai ƙorafi a rubuce kan mai sayar wa yara.

In kuwa kuka tarar da wanda giya ta kayar, ɗan'uwanku ne mai saɓo, haƙƙinsa bai faɗi ba. Ku karɓe makullin abin hawansa. Ku kwantar da shi a gefensa, ba rigingine ba, domin kada amai ya shaƙe shi, kuma kada ku ɗura masa komai. In ya ƙi farkawa, ko numfashinsa ya yi nisa-nisa, ku garzaya da shi babban asibiti, kada kunyar unguwa ta tsayar da ku. Nasiha a bari sai gobe da hantsi, lokacin da hantarsa ta gama aikinta. Wallahu a'alam.